Daƙiƙa Saba'in na Babban Baƙo

"Daga yau, babu kalmar da za ta sake ɓacewa tsakanin ƙasa da sama a wannan filin jirgi."

Darakta ne ya faɗi haka a zauren taro na bene, yana tsaye kusa da sabuwar na'urar rediyo da aka ɗaura wa jan ƙyalle. Aka yi tafi. Tafin ya ratso silin ya sauko ɗakin rada, inda Kunne ke zaune shi kaɗai gaban allo yana kiwon jirage bakwai.

Shekararsa goma sha tara yana ba matuƙa hanya, kuma ba a taɓa jin ya ce wa wani ya maimaita magana ba. Daga nan sunan ya fito. Dokar ɗakin ita ce mutum biyu a kan allo: ɗaya na magana da jirage, ɗaya na riƙe da waya yana sa ido. Na biyun a yau Dogo ne, ƙanin matarsa. Amma da ƙarfe goma sakataren Darakta ya leƙo ya ce ana neman ma'aikata masu tsayi a layin tarbar Babban Baƙo, don hoto ya yi kyau.

"Je ka," in ji Kunne. "Yau dai tsawonka ya yi rana."

"Hassada ce, Yaya. Kai ko kan tebur aka ɗora ka, kyamara ba za ta gan ka ba."

"Ka dai rufe baki a hoton, kada haƙoran nan su kori baƙo."

Dogo ya fita yana dariya, ya ce minti ashirin ya dawo.

A kusurwar ɗakin akwai inda tsohuwar rediyon ko-ta-kwana ta shekara talatin tana zaune. Jiya aka kwashe ta zuwa sito, domin Darakta ya ce fentinta ya koɗe, ba ta dace da idon baƙo ba. A gurbinta an ajiye tukunyar furen roba.

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata, jirgin fasinja da ke saukowa ya nemi izinin kauce wa hadari ta hagu. Kunne ya ba shi. Kaucewar ta karkato da shi kan hanyar wani jirgin kaya da ya tashi yana hawa. Ba wani abu ba ne. Sau goma yake ganin irin wannan a mako. Maganinsa jimla ɗaya ce: jirgin kaya, tsaya a ƙafa dubu goma sha ɗaya. Akwai mil ashirin tsakaninsu.

Ya danna maɓalli. Kafin ya buɗe baki wata murya ta cika masa kunne, mai ƙiba, mai natsuwa, muryar mutumin da ba a taɓa katse wa magana ba.

"Matuƙanmu masu albarka, ina gaishe ku a duk inda kuke a sararin samaniya."

Rediyon jirage layi ɗaya ne. Wanda ya danna shi ke da baki, sauran sai su jira ya saki. Shi ya sa ake koya wa kowa magana gajeriya tun ranar farko. An shirya Babban Baƙo ya yi gaisuwarsa a layin gwaji, amma da safe Darakta ya ce wa Injiniya abin zai fi armashi idan matuƙi na gaske ya amsa. Ba wanda ya tuna ya sanar da ɗakin rada.

"Jirgin kaya, tsaya a dubu sha ɗaya. Tsaya a dubu sha ɗaya!"

Sabuwar na'urar ta fi tasa ƙarfi, kamar yadda aka yi alkawari. Ta danne shi tas.

"Kafin in ci gaba, ya zama wajibi in miƙa godiya ta musamman ga shugaban hukumar, da mataimakinsa, da mataimakin mataimakinsa…"

Mil goma sha biyu. Kunne ya miƙa hannu ya ɗauki wayar Dogo ya kira bene. Ta yi ta ƙara a ofishin sakatare, sakatare kuwa yana zaure riƙe da almakashi a kan faranti. Kunne ya juya wajen kusurwa. Furen roba ya dube shi. Ya ƙwala kira, amma ƙofar ɗakin an yi mata soso don kada hayaniya ta dami masu aiki. Mil bakwai. Alamun jiragen biyu suka koma ja, allon ya fara kuka. Ya yi tunanin hawa bene da gudu. Matakala arba'in ne, ya san su. Bai tashi ba. Ya ci gaba da danna maɓalli yana faɗin jimlar nan tasa, sau shida, sau bakwai, ga mutane ɗari da arba'in da uku da ba sa jin sa.

Ɗigo biyun suka zama ɗaya.

Allon yana sabunta hoto duk bayan daƙiƙa biyar. Kunne ya ƙirga su da leɓɓansa. A sabon hoton ɗigo ya rabu biyu: ɗaya ya faɗi ƙasa da sauri, ɗaya ya cilla sama. Na'urar gargaɗi ta cikin jiragen ce ta ba matuƙan umarni, tunda ita ba ta bi ta zauren taro ba.

"…na gode. Ko akwai matuƙin da ke ji na?"

Sai muryar matuƙin jirgin fasinja ta fito, a bushe.

"Mun ji ka."

Tafi ya ɓarke a bene, ya rufe sauran maganar. Kunne kaɗai ya ji ta. "Na ga ƙusoshin ƙasan jirgin kayan da idona. Muna da masu rauni. A tanadi motar asibiti."

Kunne ya sauke jiragen da ke jiran sauka ɗaya bayan ɗaya. Sai da na ƙarshe ya taɓa ƙasa ya lura rigarsa ta manne masa a baya. Dogo ya shigo da lemo biyu a hannu, ya dubi fuskarsa, ya ajiye su a hankali.

Da la'asar Darakta ya kira shi. Jan ƙyallen da aka yanke yana kan tebur, an naɗe shi don ajiya.

"Zauna, Malam. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Wannan ya nuna tsarinmu na aiki."

"Yallaɓai, daƙiƙa saba'in layi na toshe. Yana cikin faifai."

"Na'urar ɗaukar magana sabuwa ce, ba a gama haɗa ta ba. Za mu rubuta cewa an sami katsalandan da ba a san asalinsa ba." Ya tura masa takarda. "Abin da masu bincike za su tambaya ɗaya ne. Doka ta ce mutum biyu. Me ya sa kake kai kaɗai?"

"Sakatarenka ne ya zo ya…"

"A rubuce?"

Kunne ya girgiza kai.

"To ka gani. Ko dai yaron nan ya bar wurin aiki bisa raɗin kansa, wannan kora ce, ba zai sake zama gaban allo ba ko a ina. Ko kuma kai, babba a kansa, ka sallame shi. Wannan dakatarwa ce kawai, a riƙe lasisinka har a gama bincike. Na ji an ce surukinka ne."

"Yaushe ake gama bincike?"

"Ai ka san bincike."

Ya sani. Akwai wanda aka dakatar shekara shida da suka wuce, yanzu yana gyaran fanka a bakin kasuwa. Kunne ya karanta takardar har ƙarshe. Babu ƙarya a ciki. Shi ya ce wa Dogo je ka. Ya sa hannu, ya ciro katin aikinsa daga wuya ya ɗora kan jan ƙyallen.

A bakin ƙofa Dogo yana jira, idonsa ja. "Yaya, bari in shiga in faɗa musu."

"Ka faɗa musu me? Koma kan allo. Kuma kada ka kira yayarka, ni zan gaya mata."

Bai wuce gida ba. Ya hau bas zuwa asibiti. Fasinjoji goma sha ɗaya an ɗaure musu rauni an sallame su. Saura ma'aikaciyar jirgin, wadda ke tsaye tana tura keken abinci lokacin da jirgin ya nutsa. Ta bugi rufi, ta faɗo kan hannun kujera. Likita ya ce ƙashin baya ne, sai an ga abin da kwanaki za su nuna.

A kan bencin baranda wata dattijuwa na zaune riƙe da takalmi ƙafa ɗaya, baƙi, mai ɗan tsini. Ta matsa masa ya zauna.

"Kai ma naka ne a ciki, ɗana?"

"A'a, Mama. Dubiya na zo."

"Allah ya ba ka lada. 'Yata ce. Ta ce mini ba ta jin ƙafafunta, na ce ai sanyin ɗakin ne." Ta juya takalmin a hannunta. "An ce wani ma'aikaci ne ya kori abokin aikinsa ya zauna shi kaɗai. Ko me yake taƙama da shi, oho. Ni ban ce komai ba. Shi ma yana da 'ya'ya, ko?"

"Yana da su. Uku."

Ta dube shi kaɗan, ta mai da ido kan ƙofar ɗakin. A bango talabijin na nuna labarai ba murya. Darakta na magana, Babban Baƙo riƙe da makirfo yana murmushi, a bayansu layin dogayen ma'aikata. Hoton ya yi kyau.

Nas ta leƙo ta ce ana buƙatar jini, ko akwai ɗan'uwa a kusa. Dattijuwar ta fara yunƙurin tashi. Kunne ya dafa mata hannu, ya miƙe, ya bi nas ɗin yana naɗe hannun riga.