Sai Alsu Ta Roƙa

Mastura mai raino na cikin tura wa Alsu dabino ta ƙarƙashin tebur, Madam Gulnara, uwar yarinyar, ta kama ta.

"Kin sake!" in ji Madam da guntun Larabcinta. "Shekararta uku, ko kalma ɗaya babu. Me zai sa ta yi magana, tunda kafin ta buɗe baki kin cika shi?"

Madam da mijinta mutanen Kazan ne ta ƙasar Rasha, aiki ya kawo su unguwar Abhur a ƙasar Larabawa. A garinsu, in ji ta, uwa kan ɗaga abu sama, sai yaro ya miƙa hannu ya ce a ba shi, ya ɗora da kalmar roƙo, sannan a sakar masa. Mastura kuwa, wadda ta raini rabin yaran unguwarsu ta Ammariyya a bayanta, gani take wannan rowa ce tsagwaronta. A ja wa yaro rai a kan dabino!

"Halas, shi ke nan," Madam ta ce, idonta ya cicciko. "Othman direba zai mai da ke gida. Ni zan raine ta da kaina."

Mastura ta haɗa kayanta tana share hawaye, don yarinyar nan ta shiga ranta ba kaɗan ba. Har ta kai bakin ƙofa, Othman direba ya tayar da mota, sai ga Madam ta biyo ta da zanen goyon da ta manta a kan kujera. Alsu ta sheƙo a guje ta kai wa zanen cafka. Madam, bisa sabo, ta ɗaga shi sama.

Yarinya ta buga ƙafa, ta miƙa hannu, ta saki kalma ɗaya ta Rashanci da ƙarfi. Madam ta sandare.

"Me ta ce?" Mastura ta tambaya.

"Ta ce in ba ta."

"To ki ba ta mana, Madam!"

Alsu ta karkata kai, ta sassauta murya. "Pazalsta."

Kalmar roƙon ke nan, duk da ta cinye rabinta. Zane ya sauko. Alsu ta jawo shi a ƙasa har gaban Mastura, ta nuna mata ƙasa da yatsa, ta sake wata kalmar kamar hajiya da 'yan aikinta.

"Ta ce ki durƙusa," in ji Madam, tana dariya tana kuka. "Ni na kafa dokar: wanda ya roƙa, a ba shi. Othman, kashe motar!"

Mastura ta rangaɗa guɗa, ta goya Alsu, ta ɗaure zane tam. Madam ta ruga ciki ta dawo da farantin dabino, ta hau cusa wa Alsu ɗaya bayan ɗaya.

Mastura ta waiwayo.

"Madam, ba ta roƙa ba fa."