Kunamar Bindigar Kofur Modu

Ni Musiliu, da ake kira Baban Silifat a Sabon Gari, gyaran keke ne sana'ata. Amma a wancan zamani, kafin Turawa su tafi, duk mafarautan Fagge sun san hannuna a kan bindiga. In na gyara, ta gyaru. To wannan alfaharin ne ya ci ni.

Kofur Modu Babarbare ne mazaunin Kwaciri, tsohon sojan yaƙin Bama. Abu biyu ya dawo da su: yatsar da yake jan kunama da ita ta sandare, ga wata ɗabi'a da ta ƙi barinsa. In yana riƙe da bindiga ka kira shi da "Kofur!", sai ya ƙame, ya doka gindinta da ƙasa, ya ce "Sa!" irin gaisuwar soja ga hafsa. Na sha tsokanarsa da haka don in yi dariya.

Wata Laraba ya shigo rumfata da bindigarsa mai baki ɗaya.

"Baban Silifat, kunamar nan ta fi ƙarfin yatsata. Kafin in ja, zabuwa ta tashi. Shaho ma ya raina ni, ya kusa ƙarar wa Bintu 'yan tsakinta."

Bintu matarsa ce. Na ce, "Kofur, kunama mai tauri ai ita ce mai gadin mai bindiga."

"Ashe aikin ya gagare ka? Bari in kai wa Celestine na bakin tasha."

Celestine! Mutumin da ko birki bai iya ɗaurewa ba? Raina ya ɓaci. Na kwance bindigar, na ɗauki magagari na goge ƙarfen da ke riƙe kunamar. Modu ya gwada, ya ce da saura. Na ƙara gogewa, har ta zama da ka shafa sai ta tashi. Ya yi ta sa mini albarka.

Maigidan da ya koya mini aiki a Ilori yana da doka: in ka taɓa kunama, ka ɗana bindigar ba harsashi, ka buga gindinta da ƙasa sau uku. In ta tashi, ba za ta bar rumfarka ba. Ban yi ba. Yabo ya cika mini kunne, ga kiran la'asar, na miƙa masa ya tafi.

Washegari da hantsi, wani ɗan dako ya sauke buhu a gaban rumfata, tim! Nan take na tuna dokar, na tuna gaisuwar Modu. Innalillahi! Na bar rumfa a buɗe, na hau keken mutane da ban gama gyarawa ba, na tsallaka layin dogo na nufi Kwaciri. Addu'ata ɗaya, Allah ya sa bai ɗura mata harsashi ba.

Na hango shi a filin bayan gidansa, ya ɗana bindiga, yana bin shaho da ido. Tsoro ya rufe ni. Da na yi shiru na ƙarasa wurinsa, da na ce "Modu", da na ce komai ma. Amma baki, abin da ya saba shi yake faɗa.

"Kofur!"

Ya juyo da murmushi. Ya ƙame. Ya doka gindin bindigar da ƙasa.

Har yau ina jin ƙarar nan.

Na same shi kwance, jini na zuba daga wuyansa. Bintu ta fito da gudu, ba ko mayafi, tana salati. Na tallafo kansa na ɗora a cinyata. Ya ɗago hannunsa na dama da ƙyar, ya nuna mini yatsar nan da ta sandare.

"Baban Silifat," in ji shi, "ban taɓa ta ba."

"Na sani, Kofur. Na sani."

Ya yi kalmar shahada, ya cika kafin a samo motar asibiti.

Mutane suka ce ƙaddara ce, kwana ya ƙare. Haka ne, ban musa ba. Amma a wurin zaman makoki na faɗa wa Bintu komai, ban rage ba. Da na gama, sai ta ce, "Daren jiya har addu'a ya yi maka, Baban Silifat. Ya ce ka mayar masa da yatsarsa."