Ƙanƙarar da Ba Ta Narkewa

Malam Abdulbaƙi mai wankin hula a Ƙofar Dumi bai taɓa yarda da abu mai sanyi ba. A ganinsa duk ciwon da ya shigo Bauchi, firji ne ya kawo shi. Don haka ranar da surukarsa Saudatu ta durƙusa gabansa ta ce mijinta ƙanƙara yake sha, bai yi mamaki ba.

Mijin shi ne Mahfuz ɗan acaɓa, ɗan Malam na fari. Saudatu ta ce ya daina barci, ya daina cin abinci, haƙoransa sun fara marmashewa. Yana sosa hannu har jini, wai tururuwa ke yawo a ƙarƙashin fatarsa. Ya kwance babur ɗinsa kaf yana neman mutumin da ke masa magana a cikin tanki. Jiya kuma ya tsare ta da ido ya tambaye ta wa ya aiko ta. In abin bai sauya ba, in ji ta, za ta ɗauki 'yarta ta koma gidansu a Zungur, don tsoro take ji.

Maganar haƙori ce ta fi gamsar da Malam, domin shi ma ya taɓa tauna ƙanƙara a wani biki, ya wuni yana jin ta a ƙwaƙwalwa. Ya sa aka dafa shayi da citta da masoro aka ɗura wa Mahfuz, aka lulluɓe shi da bargo da tsakar rana. Sannan ya ɗauki sanda ya nufi shagon Irmiya, mai sayar wa masu zoɓo ƙanƙara.

To, Malam ba ya kama sunan ɗan fari, ko a mafarki.

"Kada ka ƙara sayar wa yaron nan ƙanƙara."

"Wane yaro, Baba?"

"Wanda ka sani."

Irmiya ya yi ta jero sunayen yaran unguwa, Malam yana girgiza kai, har masu zoɓo suka shiga taya shi. Da Malam ya gaji ya ce mijin Saudatu, sai dariyar Irmiya ta ɗauke.

"Baba, wannan ba irin tawa ba ce."

Ya ja shi gefe ya ce ƙwaya ce fara kamar fasasshen gilashi, ƙona ta ake yi a zuƙi hayaƙin, samari ne suka sa mata sunan. Ita ta haukata ɗan ƙanwarsa, daga baya zuciyarsa ta buga. Malam ya ce shi dai a tsawon rayuwarsa bai taɓa jin ƙanƙarar da ke shiri da wuta ba, sai ya gani.

Suka dawo gida tare. Saudatu ta zaro wani ƙullin leda daga cikin matashin mijinta. Malam ya kwance shi a kan itacen da yake kifa huluna, ya ajiye guntun ƙanƙarar Irmiya kusa da shi, cikin rana, ya tsuguna yana kallo. Ta Irmiya ta narke, kaza ta zo ta sha ruwan. Ɗayar tana nan tana ƙyalli, ko gumi ba ta yi ba.

Yana cikin kallon ne Mahfuz ya faɗo daga ɗaki da bargon a kansa. Jikinsa zafi kamar dutsen guga, ƙirjinsa na dukan rigarsa, maganarsa ba kai. Da ya ji an ambaci asibiti, ya ce ai can ne masu bibiyarsa suke jiran sa. Malam ya yi masa magana a hankali, ya ce wurin masu cire tururuwa za su, kuma shi da kansa zai tsaya a ga ba a bar ko ɗaya ba. Mahfuz ya yarda.

Babur dai yana warwatse a tsakar gida, don haka a keken kayan Irmiya aka kwantar da shi, tsakanin manyan ƙanƙara. Saudatu ta bi su a Keke Napep. Mutanen Ƙofar Dumi suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Malam Abdulbaƙi rungume da ƙanƙara, yana goga wa ɗansa a wuya, yana cewa Irmiya ya miƙo wata.

A asibiti ma'aikaciyar jinya, Juliana, ta ce sanyin nan ya taimaka ƙwarai, amma jinyar doguwa ce, kuma da yawa sukan koma ruwa in ba a tsaya musu ba. Saudatu ta ce Zungur ta jira tukuna. Juliana ta juya ga Malam ta tambayi sunan majinyacin.

Malam ya dubi Saudatu, ta sunkuyar da kai, don ita ma ba ta faɗar sunan miji. Ya nemi Irmiya, ashe shi ma ya fita gyara wa kekensa tsayuwa. Malam ya gyara murya.

"Mahfuz."

Mahfuz ya buɗe ido ɗaya daga kan gado.

"Baba, ashe ka san sunana?"

"Rufe mini baki," in ji Malam, bai saki hannunsa ba.