Hayaƙi a Bayan Gonar Dawa

Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji Ja'afaru ya sayi gida can bayan Badarawa, inda ba maƙwabci sai gonakin dawa. Kullum yakan hau babur ya tafi ofis, ya bar matarsa Turai ita kaɗai.

"Za ki saba, ke dai," in ji shi.

Ba ta saba ba. Ran nan ta hango hayaƙi daga nesa. Ga ashana a ɗaki, amma ta yafa gyale ta ɗauki kasko, wai za ta ɗebo wuta, ko ta samu macen da za su gaisa.

Da ta isa, ashe ciyawa wani manomi ya cinna wa wuta ya tafi abinsa. Ta zauna a wurin har wutar ta mutu.