Wanda Ya Riga Ni Sayen Sunan 'Yata

Sabulun nonon akuya nake yi, kuma saboda 'yata Odette na fara. Tana da wata shida fatarta ta yi ta fitar da ƙuraje, duk sabulun kanti sai ya ƙara mata ƙaiƙayi, shi ne na koyi haɗa nawa a kicin. Yanzu shekararta uku, ni kuma ina da tebur a kasuwar manoma ta garinmu Duluth duk ranar Asabar.

Masu saye suka dame ni da tambayar shafina na intanet. Ran Talata na shiga inda ake sayen sunan shafi na rubuta sunan da ke raina, "Sabulun Odette", aka nuna mini ba mai shi. Ban saya ba. Na tsaya ina juya abin a zuciyata: sunan yarinya ƙarama a bakin duniya? Na ce bari in yi kwana biyu ina tunani. Ran Alhamis na koma, aka ce an riga an ɗauka.

Mutum uku kaɗai na faɗa wa sunan: mijina Anders, surukata Lorna, sai Corinne mai teburin kusa da nawa. Kyandir take sayarwa, amma tun bazara ta fara jera 'yan sabulai a gefe, wai gwaji. Tun daga nan nake kallonta da gefen ido.

Ran Asabar na shimfiɗa kayana ban gaishe ta ba.

"Ah, yau hajiyar sabulu da fushi aka tashi?" in ji Corinne. "Ko akuyar ce ta hana nono?"

"Wasu dai hannunsu ya fi bakinsu sauri," na ce, ban ɗago ba.

"Da wa kike? In da ni ce, fito fili, ba na jin habaici kafin in sha kofi."

Kafin in ba ta amsa wani mutum ya tsaya a gaban tebur, dogo, da jar hula. Ban taɓa ganinsa ba. Bai kalli sabulu ba, sai ya durƙusa gaban Odette da ke zaune tana cin tuffa.

"Ke ce Odette, ko? Sarauniyar kumfa!"

Ban san lokacin da na zagayo na ɗauke ta ba.

"Malam, a ina ka san sunanta?"

Ya ja da baya. "A shafinku mana. Matata ce ta nuna mini. Ashe ma a titin Fern kuke, ai kusa da gidan ƙanwata ne." Ya ga fuskata, ya ba da haƙuri, ya wuce.

Ni kuwa ba ni da shafi.

Corinne ta daina dariya. Ta zaro wayarta ta buga sunan. Ga Odette cikin bahon wanka, kumfa har wuya, tana washe baki. A ƙasa an rubuta muna nan tafe, ga lambar gidanmu, ga kwanakin da ake samuna a gida.

"Wannan hoton," na ce, "ba a wayata yake ba."

"To ni dai ban taɓa shiga banɗakinku ba, uwar zargi. Dubi tayil ɗin bangon, ruwan hoda. Wa yake da irin wannan tun zamanin kakanni?"

Gidan Lorna ne.

Na bar wa Corinne tebur, na sa Odette a kujerarta ta mota, na tuƙa zuwa can. Na tarar da Lorna tana fitar da biredin ayaba daga tanda. Na nuna mata shafin a wayata.

"Kash, kin gani!" ta ce, tana murna. "Na so sai ranar haihuwarki in nuna miki. Wata a cocinmu ce ta ce irin sunayen nan sai an yi wuf, shi ne na yi wuf. Na tura wa 'yan ƙungiyarmu ta saƙa, kowa sai yabo yake."

"Lorna, yau wani baƙo ya kira ta da sunanta. Ya san titinmu."

"Haba, Tessa, nan Duluth ne. Kowa ɗan'uwan kowa ne."

"Mutum nawa suka gani?"

Ba ta sani ba.

"Buɗe kwamfutar. Yanzu, ina tsaye."

Ta sa tabarau, tana cewa Odette fa jininta ce, ba za ta cuce ta ba. Na ce na sani. Ban zauna ba sai da hoton ya ɓace, adireshin ya ɓace, shafin ya koma fari fat. Sannan na sa ta mayar da sunan hannuna, na canza lambar sirri a gabanta.

"To me za ki yi da shi?" ta tambaya a hankali.

"Ba komai. Zan riƙe shi ne don kada wani ya samu. Sabulun kuwa zan nema masa wani suna, wanda ba na kowa ba."

Odette ta ja rigar kakarta tana neman biredi. Lorna ta yanka mata, ta ɗauki waya za ta yi mata hoto, ta dube ni, ta ajiye wayar a kan tebur.