Ranar Sunan Jikar Gariba

Alhaji Gariba ba ya sayen abin da bai taɓa shi da hannunsa ba. In saniya ce sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya daki kwankwasonta, ya sa a ja ta ya ga yadda take ajiye ƙafa. Ya tsufa a kasuwar shanu ta Tamale, a ƙasar Ghana, kuma har yau babu mai bugun ƙirji ya ce ya taɓa sayar masa da gurguwa. To ga shi yau, da furfurarsa da komai, ɗansa Nashiru ya ɗauko shi a yalo-yalo, babur mai ƙafa uku, daga unguwarsu Dungu zuwa cikin gari don ya sayi intanet, abin da ba shi da haƙori balle kwankwaso.

Dalilin zuwan dai ba na wasa ba ne. 'Yarsa ta fari, Kadijatu, mai aikin jinya a Ingila, cikinta ya tsufa, likitocin can kuma da ba sa iya riƙe bakinsu sun riga sun gaya mata mace ce. Mijinta Masahudu ba shi da uba a raye. Shi ne ya bugo waya ya ce in Allah ya sauke ta lafiya Baba ne zai zaɓi suna, kuma daga bakinsa suke so su ji ranar sunan, suna ganinsa yana ganinsu. Gariba ya ce to. Bai gaya wa kowa ba, amma kafin ya ajiye wayar ya san sunan da zai sa: na matarsa, uwar Kadijatu, wadda ta rasu 'yan shekarun baya. Shi Bafulatani ne na tsohon yayi. Tun daga ranar ɗaurin aure har ranar da aka kai ta makwancinta bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke", ko "mai ɗakin can". Kunya ce, kuma so ne, amma da za ka ce masa so ne sai ya tashi ya bar maka wurin.

A shagon suka sami wata Badagomba mai suna Suhuyini, mai Hausar kasuwa, wadda mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Ta jera masa tsari uku. Na farko igiya ce za a jawo har cikin gida, da wayar tebur a haɗe, data ba iyaka, kuɗinsa kuma ba kunya. Na biyu akwati ne mai layi a ciki, data mai yawa amma da iyaka. Na uku shi ma akwatin ne, data kaɗan, kuɗi kaɗan.

Gariba ya ɗauki wayar tebur ɗin da aka ajiye ta gwaji, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya ja igiyar ya ga ƙarfinta.

"Wannan, in wata ya fita ban yi magana da ita ba, zan biya?"

"Za ka biya, Alhaji. Kowane wata."

"Ta ci, ba ta yi aiki ba."

"Haka shi ke."

"Muna da irinta a gida," in ji Gariba. Bai dubi Nashiru ba, Nashiru kuma ya dubi silin.

Ya ture wayar gefe, ya juya ga akwatunan. Ya ƙwanƙwasa ɗaya, ya ƙwanƙwasa ɗayan, sautinsu ɗaya. Wannan bai yi masa daɗi ba, don a saninsa abin da ya fi tsada ya kamata ya fi nauyi.

"Datan nan, in ya ragu a ƙarshen wata, yana haihuwa?"

"Ba shi haihuwa. Mutuwa shi ke yi."

"Mushe?"

"Mushe, Alhaji. Ko fata ba ka samu."

Gariba ya gyaɗa kai. Yarinyar ta fara burge shi, ba ta ɓoye aibin kayanta. Sai ta jawo kujerarta ta ce abin mai sauƙi ne, ita za ta zaɓar masa wanda ya dace, tambaya ɗaya kawai zai amsa mata.

"Mutum nawa ne a gidanka?"

Nan ne gizo ke saƙa. A gidansu Gariba ba a ƙirga mutane, kamar yadda ba a ƙirga shanu. Ka ƙirga abu da baki, ka nuna wa ido hanyarsa. Ubansa bai taɓa faɗin yawan 'ya'yansa ba, kakansa kuwa an ce ma'aikatan ƙidaya sun bi shi har bakin rafi, da suka matsa masa sai ya tsallaka ya bar su. Gariba ya san kowane rai da ke kwana a gidansa, ya san wanda ke tari da wanda ya rame, amma bai taɓa haɗa su ya ba su lamba ba, ko a zuciyarsa.

"Alhamdulillahi," ya ce.

Suhuyini ta jira.

"Ba mu da yawa."

"Kamar huɗu? Biyar?"

"Allah dai ya san adadinmu."

Ita 'yar gari ce, ga layin mutane a bayansa. Ta ga tsoho da ɗansa ɗaya, ta ji "ba mu da yawa", ta ce to ƙaramin ya ishe su har ya yi saura. Nashiru ya buɗe baki. Uban ya juyo ya dube shi sau ɗaya, ya rufe. Gemunsa ya fito, yana da mata da 'ya'ya, amma ba a haifi ɗan da zai gyara wa Gariba magana a gaban baƙuwa ba.

Ni ma ba zan ƙirga muku mutanen gidan ba, ba na son a ce bakina ne. Amma akwai ƙanwarsa Sanatu, mai sayar da cukun nan da ake kira wagashi, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar matarsa, da nata zuri'ar. Akwai 'ya'yansa maza da matansu da abin da suka tara. Akwai marayun wansa. Akwai ɗaliban jami'a masu haya a ɗakunan baya, da makiyayan da ke shigowa kwana in sun kawo shanu, da matan ruga da ke sauke ƙoren nono a zaure kowace safiya su huta kafin su shiga gari. Tukunyar da ake dafa tuwo a gidan, sai mutum biyu suke sauke ta.

Aka ɗora akwatin a kan firij, Sanatu ta rufa masa ɗan kyalle mai ado saboda ƙura. Nashiru ya ce lambar sirri ce da shi, kada a ba kowa. Gariba ya tambaya ko abin sata ne. Aka ce a'a. Ya ce to shi a gidansa wanda ya yi sallama ana ba shi ruwa, bai ga dalilin da za a ba mutum ruwa a hana shi iska ba. Kafin la'asar lambar sirrin ta zama abin da yara ke rerawa a tsakar gida.

Gidan ya yi lafiya ƙalau. Sanatu na matse wagashi, wayarta jingine da turmi, Indiyawan fim na kuka da Tuwi, harshen kudancin ƙasar. Matan ruga suka daina saurin shiga gari. Ɗaliban baya suka riƙa gaishe da Alhaji har ƙasa, safe da yamma. Maƙwabcin da suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda iyakar fili ya zo da kansa neman sulhu, aka shirya, ya riƙa zama a jikin katangar yana shan iska. Ba wanda ya ƙara sayen data a wayarsa, ina dalili?

Nashiru ya sami ubansa shi kaɗai ya ce, "Baba, abin nan fa ba zai kai ba. Mun yi masa yawa."

"Wa ya ce mun yi yawa?"

"Ina nufin zai ƙare."

"Irin bakin nan naka shi ke ƙarar da abu. Tofar da yawu."

Nashiru ya tofar. Saƙonni kuwa sun yi ta shigowa ƙaramar wayar Gariba, mai maɓallai, don lambarsa aka rubuta a shagon. Da Turanci suke. Ya ɗauka irin na kullum ne, masu cewa ya danna ɗaya ya ci mota, ya bar su inda suke.

Ana haka Kadijatu ta sauka lafiya. Aka tsayar cewa a can za a raɗa suna, a falonsu, da sassafe, don limamin nasu direban bas ne, daga nan wurin aiki zai wuce. Rago kuma a Dungu za a yanka, inda rago ke da arha kuma ba mai kiran 'yan sanda. Gariba da kansa ya zaɓo shi, fari mai baƙin kunne, ya duba haƙoransa.

Duk kwanakin nan yana gwada sunan a zuciyarsa, amma bai bari ya kai leɓensa ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da bijimi ya danne shi a jikin mota. Yana so ya faɗe shi sau ɗaya, a sarari, ya ji yadda yake a bakinsa, daga nan ya zama na jaririya, kowa ya kira abinsa.

Ranar suna aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, malamin unguwa ya zo da wuƙarsa, aka ɗaure rago a gindin darbejiya. Gariba ya tuna Nashiru ya taɓa cewa yawan wayoyi na sa hoto ya riƙa tsayawa. Shi kuwa ba mai barin abu ga sa'a ba ne. Ya sa aka zaga da babbar ƙwarya, kowa ya kashe wayarsa ya jefa, har tasa, ya kai ɗaki ya kulle, ya sa makulli a aljihu. Babbar wayar nan mai faɗi da Kadijatu ta aiko kaɗai aka bari, Nashiru na riƙe da ita a gabansa.

Hoto ya fito tas. Ga Masahudu cikin farar riga, ga limami da rigar aikinsa a ƙarƙashin jallabiya yana duban agogo, ga Kadijatu a gefe da ƙunshin zani a hannu. Aka gaisa, aka yi addu'a. Masahudu ya rusuna ya ce, "Baba, muna saurarenka."

 Gariba ya gyara zama, ya share gemu, ya dubi tabarma. Ya ɗago.

"Mu'minat," ya ce.

 Sanatu ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, don ta san abin da ta ji. Tsofaffin matan suka sunkuyar da kai. Gariba ya ji kamar an sauke masa buhu daga wuya. Ya jira kabbara daga Ingila.

Masahudu na nan a rusune, bakinsa a ɗan buɗe. Limami na duban agogo. Ba wanda ya motsa.

"Suna da ladabi," in ji malamin unguwa.

Nashiru ya girgiza wayar, ya ɗaga ta sama, ya ruga ya ɗage kyallen kan akwati. Fitilar ta koma ja. "Baba, ya ƙare," ya ce. "Ba su ji ba."

Aka shiga neman makulli, wanda ke aljihun mai nemansa. Aka zazzage ƙwarya, kowa na laluben tasa, ana kunnawa. Wayoyi sun cika tabarma, babu mai data ko ta gaisuwa, babu mai kuɗin kiran ƙasar waje. A wayar Gariba kiran Masahudu ne jere, duk sun tarar da ita a kashe. Nashiru ya tayar da yalo-yalo ya nufi wurin mai momo na bakin titi, mai tura kuɗi da data ta waya, ya tarar bai buɗe ba, ya wuce na gaba. Kafin ya dawo rana ta hau katanga.

Da hoto ya dawo, babu limami, baƙi sun watse. Masahudu ya kasa haɗa ido da surukinsa. Ya ce sun jira, sun kira kowace lamba, malam ya ce ba zai iya makara ba kuma bai kamata a tashi taro jaririya ba suna ba. Aka matsa wa Masahudu, sai ya faɗi na mahaifiyarsa, Fadilatu. An yi addu'a, an shafa.

Kadijatu ta karɓi wayar, idonta jawur. "Baba, wane suna ka zaɓa? Faɗa mini. Wallahi sai a canza."

Duk tsakar gidan ta san amsar, kuma duk ta zuba masa ido. Gariba ya dubi 'yarsa, mai goshin uwarta sak. Ya dubi Masahudu a bayanta, yaron da ya ba shi girma, wanda yanzu za a ce masa ya cire sunan uwarsa. Ya nemi sunan a bakinsa kuma, ya tarar ba zai sake fitowa ba. 

"Suna mai kyau aka sa," ya ce. "Kawo ta kusa in gani."

Aka matso da jaririyar. Ya daɗe yana kallonta, tana barci, ta dunƙule hannu.

Malamin unguwa ya gaji da tsayuwa, rago ma ya gaji. Ya matso ya rage murya. "Alhaji, da wane suna zan yanka?"

"Fadilatu," in ji Gariba, ya tashi ya je ya riƙe masa ƙafafun ragon.