Fasfon Zenepe a Tashar Korfu

Zenepe ta ajiye katin roba a kan kantar ofishin jirgin ruwan, ta tura shi gaban mutumin da yatsa ɗaya, ta ce a mayar mata da fasfonta.

Hilmi ne sunan mutumin, ga shi a rubuce a ƙirjin farar rigarsa. Ɗan Ulkin ne, can tsallaken iyakar Montenegro. Shi kaɗai ne mai jin harshensu a ofishin, don haka tun jiya da jirgin yawon ya ɗebe su a tashar Durres ta Albaniya, duk wani ɗan Albaniya mai ƙorafi shi ake turo wa. Ya mayar mata da katin cikin ladabi, ya sake bayanin da ya yi wa mutum talatin tun safe. Duk fasfon da ba na Tarayyar Turai ba yana hannun jirgi, 'yan sandan Girka sun hawo suna dubawa a bene na sama, ranar ƙarshe za a ba kowa nasa. Mai sauka Korfu katin nan ya ishe shi. A bakin ƙofa za a ɗora shi a na'ura ta yi ƙara, an san ka fita. In ka dawo ta sake ƙara, an san ka dawo.

"Wannan na san shi," in ji Zenepe. "Shekara goma sha shida na yi ina yin sa. A zamaninmu ba na'ura, wani mai gashin baki ne da littafi."

'Yarta Mimoza ta kama mata gefen baƙar riga. Ita ce ta yanki tikitin tafiyar, da gumin shekarun da ta yi tana wa tsofaffin Italiya wanka da juyi a gado. Ta rage murya ta ce ai gara ma da aka riƙe, garin cike yake da masu yankan aljihu, in ya ɓace ina za su sa kansu? Kowa da katinsa yake sauka, har Jamusawa nasu a ɗaki suke kullewa. Ga kuma Kawu Refat, tun ƙarfe tara yake tsaye a ƙofar tasha yana jira, tsoho ɗan shekara saba'in da ɗaya, a cikin wannan rana.

Zenepe ta ce ya jira. Ta ja kujerar da aka ajiye wa baƙi, ta zauna daidai gaban kantar, ta ɗora jakarta a cinya.

Tana 'yar shekara goma sha bakwai yayanta Refat ya shafe jikinsa da man inji, ya faɗa teku a kudancin Saranda, ya yi iyo zuwa wannan tsibirin na Korfu, a zamanin da gwamnati ba ta barin kowa ya fita daga Albaniya. Bai faɗa wa kowa ba, ko uwarsu. Kwana uku bayan haka motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gidansu a Borsh. Aka kwashe uba da uwa da 'ya, da katifa biyu da tukunya ɗaya, aka zube su a wani ƙauyen fadama kusa da Lushnje, inda ake tara dangin maciya amanar ƙasa. Wanda aka yi mata baiko da shi ya aiko a karɓo zobensa. Safe da yamma sai sun je sun amsa sunansu a ofis, kuma ba mai taka wajen ƙauyen sai da takardar izini. Da aka kai uwarsu asibitin Lushnje, Zenepe ta yi kwana huɗu tana zarya a kan takardar. Takardar tana cikin aljihun tebur, an riga an rubuta ta, mai gashin bakin ne bai ga damar miƙowa ba. Ran da ya miƙo, gawa ta je ta tarar.

Shi kuwa Refat ya rayu. Ya yi aure a Korfu, ya buɗe wajen gyaran injin kwale-kwale. Da gwamnatin ta faɗi ya fara aiko wasiƙu, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Ya ce zai zo, ta aika masa cewa in ya taka Borsh da tafasasshen ruwa za ta tarbe shi. Fasfo ma ba ta taɓa nema ba sai bana. Da ta karɓo shi ta gaya wa Mimoza cewa yanzu za ta je ta ga Refat, amma ta ƙofa za ta shiga, da rana tsaka, takardarta a hannunta, ya gani da idonsa.

Ƙarfe goma ya wuce. Masu gajeren wando da hulunan rana suka yi ta tuɗaɗowa daga na'urar hawa bene, suna bi ta gefen tsohuwa mai baƙin ɗankwali kamar kujerar ce kawai a wurin. Wata Baturiya ta tsaya ta tambayi ko ba ta da lafiya ne. Zenepe ta ce wa Mimoza ta gaya mata lafiyarta ƙalau, ta je ta sa riga.

Hilmi ya sallami layinsa, ya kawo mata kofi a ƙaramin kofin takarda. Ta shinshina, ta ce wannan ruwan wankin tukunya ne, amma ta sha. Ya jingina da kantar ya ce shi shekararsa ashirin da biyu a jiragen ruwa, kuma nasa fasfon ma yana kulle a ofishin ma'aikata, wata tara bai sa shi a ido ba, bai mutu ba.

"Kai ai ka ƙoshi da shi," ta ce. "Ku da kuka tashi da fasfo a aljihu, kuna tsallaka Italiya sayen wando, mu muna tsintar auduga a taɓo. Wanda ya ƙoshi ne yake ba da ajiyar abinci."

"Iya, ni fa ba ni na kafa dokar ba."

"Wancan ma haka yake cewa. Kai dai ka fi shi aske baki."

Hilmi ya yi dariya, amma kunnuwansa sun yi ja.

Wayar Mimoza ta yi ƙara har sau uku. A na ukun ta dawo idonta da ruwa, ta ce Kawu yana tambaya ko an fasa ne. Ya ce in ba ta son ganinsa ba zai ji haushi ba, a dai gaya masa. Ta miƙo wayar, Zenepe ba ta ko kalle ta ba. Mimoza ta durƙusa gabanta ta ce ƙarfe biyar jirgin zai tashi, an riga an ci rabin yini a kan ɗan littafi mai shafi kaɗan. Shin mutum aka zo gani ko takarda? In tsohon nan ya faɗi a rana fa?

Wannan ta taɓa Zenepe, ba ta dai nuna ba. Ta ji tsoron ta zo har nan ta koma ba ta gan shi ba. Amma in ta sauka da katin jirgi, an ba ta aron yini ɗaya ne, kamar yadda aka saba ba ta. Shi ya shiga ƙasar nan tsirara cikin duhu, ita kuma ta shiga da izinin wani? A'a.

Ta tambayi Hilmi yaushe 'yan sandan za su gama. Ya ce da sha biyu suke sauka, daga nan a kulle akwatunan. Ta dubi agogon bango, saura minti ashirin. Ta tambaye shi wane bene ne. Ya ce na bakwai, amma fasinja ba ya shiga wurin. Kafin ya rufe baki ta miƙe ta nufi matakala, don ba ta yarda da na'urar hawan ba. Mimoza ta bi ta. Hilmi ya ce wa abokiyar aikinsa wani abu da Turanci, shi ma ya biyo su yana haki.

A wani falo mai jan kafet, inda ake rawa da yamma, 'yan sanda biyu suna zaune gaban dogayen akwatuna cike da fasfo. Babban cikinsu mai furfura ne, tabaransa a ƙarshen hanci. Zenepe ta tsaya a gabansa ta ce wa Hilmi ya fassara, kuma kada ya rage ko kalma. Ta faɗi sunanta da garinsu. Ta faɗi iyon Refat, da motar kaya, da kwana huɗun takarda. Ba ta roƙa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta lura Hilmi yana gajartawa, ta ce ta yi magana mai tsawon igiya, ya mayar da ita ɗan zare, ya sake.

Ɗan sandan ya saurara har ƙarshe. Ya cire tabaran, ya yi wa Hilmi wata gajeriyar magana. Hilmi ya sosa ƙeya. Ya ce wai tara fasfo tsarin jirgi ne don aiki ya yi sauri, ba dokar Girka ba ce. Da zarar an duba, mai shi yana da ikon karɓar abinsa. Akwai ma takardar da ake sa wa hannu, cewa in ya ɓace ba ruwan jirgi.

"Akwai takarda," ta ce. "Tana ina tun safe?"

"A aljihun tebur ɗina, Iya."

"Me ya hana ka fito da ita?"

"An ce kada mu riƙa tallata ta. Kuma ba wanda ya taɓa zama awa uku a kanta."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. 

Ɗan sandan ya laluba akwatin ya zaro jan fasfon, ya haɗa hoton da fuskarta, ya buga hatimi a gabanta. Ta karɓa ta kai kusa da ido, ta ce tawadar ba ta kama sosai ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce sau ɗaya ake bugawa. Ta ce to, ya riƙa dannawa da ƙarfi nan gaba, akwai masu jiran shekara hamsin. Da aka fassara masa sai ya miƙe tsaye ya ba ta hannu. A ƙasa Hilmi ya fito da takardar, ta rubuta sunanta harafi bayan harafi, harshenta a tsakanin haƙora, ba ta bari kowa ya riƙe mata alƙalamin ba.

A ƙofar jirgin ta ba Mimoza katin ta ce ita ta ɗora musu a abin ƙarar, hannunta da kaya. Ta sauko tsani a hankali, fasfon a buɗe a tafin damanta. Daga gindin jirgin har ƙofar tasha ba wanda ya tambaye ta komai. Mai gadi yana cin burodi, ya yi musu alama da kai su wuce. Ta tsaya ta ɗaga masa shafin hatimin sai da ya haɗiye lomarsa ya duba.

Refat yana zaune a kan dakalin siminti a 'yar inuwar wata motar haya, hularsa a gwiwa. Ba ta gane shi ba sai da ya miƙe, ta ga kafaɗun ubansu. Ya buɗe hannuwa. Ta tsaya taku biyu daga gare shi, ta miƙa fasfon tsakaninsu.

"Ka ga ta inda na shigo?"

"Na gani, Zene."

"Karanta."

Ya kai hannu zai karɓa, ta janye. Ta ce da ido ake karatu. Ya laluba tabarau, ya sunkuya, ya karanta sunanta, da sunan gidansu da ba ta canza ba ko da ta yi aure, sannan wurin haihuwa. A kan Borsh muryarsa ta tsaya. Ya sake gwadawa, ta ƙi fita.

Ta ce tun tana budurwa take tara maganar da za ta gaya masa, kuma sai ya ji ta duka yau. Zai ji yadda uwarsu ta mutu, da inda aka binne ubansu, da sunan mai gashin baki. Ya ce zai ji. Ya ce ya san da jininsu ya yi iyon nan, kuma ba ranar da bai sani ba. Sannan ya zaro walat, ya fito da katin shaidarsa na Girka, ya nuna mata. Ba ta iya haruffansu ba, ta tambaye shi me aka rubuta. Ya ce Spiros. Sunan gida ma wani ne. Da ya iso, an ce masa da wannan sunan nasa ba aiki, ba takarda. Matarsa har ta mutu Spiros take kiransa, 'ya'yansa ma da shi suka san shi.

Zenepe ta daɗe tana kallon katin. Ba ta rungume shi ba. Ta rufe fasfonta, ta cusa shi a ƙirjin rigarta, ta danne da tafin hannu. Ta ce wa Mimoza ta kama kawunta, yana tafiya kamar agwagwa.

"Refat," ta ce, a fili, har direban motar ya waigo. "Ina gidan naka? Ka dafa kofi na gaske, maganar da tsawo."

Mimoza ta tuna mata cewa an rubuta kowa ya koma jirgi da huɗu da rabi.

"Na ji," in ji Zenepe, tana gaba suna biye. "In na gama da wuri."